Baba Birki da Fasinjan Kujerar Baya

Kafin kowa ya iso filin koyon tuƙi, Baba Birki ya riga ya hallara. Zai zagaya 'yar farar motar nan da ta sha duniya, ya daddanna tayoyi da ƙafa, ya duba mai da ruwa, ya goge madubi. Sannan ya buɗe ƙofar baya ya kakkaɓe kujera tsaf, alhali ba mai zama a kanta. Sabon ɗalibi yakan ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, amma ba ya daɗewa yake gane dalili.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, saboda birkin da ke gefensa. Ka hau dakali, ba zai ce uffan ba. Mota ta yi ta mutuwa a hannunka, dariya zai yi. Amma ka kuskura ka ce, “Kai, ni daƙiƙi ne,” nan take za ka ji ƙiii! Zai sa a ajiye mota a gefe, ya fito, ya buɗe ƙofar baya, ya haɗe rai ya ce wa kujera, “Sauka! Ba a zagar mini ɗalibi a cikin motata.” Sai ya rufe, ya dawo ya zauna. “To, mai baƙin bakin ya sauka. Yanzu faɗa wa kanka abin da za ka faɗa wa ƙaninka in shi ya yi kuskuren.”

Akwai wata tela da ba za ta manta da shi ba. Mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma likita ya gargaɗe ta cewa in ana tsallake ranakun gashin ƙashi a asibiti, ƙafar za ta sandare. Maƙwabtan da ke kai su asibiti sun yi har sun gaji. Ga motar maigidan a ƙofar gida, tayoyi na sacewa. Ta shiga koyo, ta je gwajin lasisi, ta faɗi warwas.

“Baba, ka daina wahalar da kanka,” ta ce da ta dawo, idonta jawur. “Tun ina yarinya ake ce mini sakarai. Ashe gaskiya suka faɗa.”

Baba ya taka birki, ya fita ya sauke fasinja kamar yadda ya saba, ya dawo.

“'Yata, wannan ya daɗe a bayanki, shi ya sa yake jin motar tasa ce. Wa ke tuƙa miki keken ɗinki?”

“Ni mana.”

“Ƙafa na takawa, hannu na juya yadi, ido na kan allura, baki na hira. Sakarai ce ke wannan? Maza ki ce, na yi kuskure, zan gyara.”

Ta faɗa cikin kunya, can ƙasa-ƙasa. Washegari ma sai da aka sauke fasinjan nan. Mai naci ne, amma Baba ya fi shi.

Ranar gwaji na biyu, a tsakiyar hawa motar ta mutu. Ga mai gwaji a gefe, ga direbobin da ke baya sun cika mata kunne da oda. Muryar mai baƙin bakin nan ta taso a ranta: ai dama na faɗa miki. Tela ta ja birkin hannu, ta dubi kujerar baya ta madubi, ta ce da ƙarfi, “Sauka!” Mai gwaji ya waiga bai ga kowa ba. Ita kuwa ta ce wa kanta, “Sannu a hankali, kin iya keke, kin iya wannan.” Ta tayar, ta saki kuloci a natse, mota ta haye sumul. Ta samu lasisi, kuma tun daga ranar ba a sake tsallake gashi ba. Yau maigidan da sandarsa yake takowa har bakin mota.

Kai ne malamin da bai taɓa daka wa ɗalibi tsawa ba, sai kujera. Kai ne ka gane cewa mutum yakan faɗi a bakinsa kafin ya faɗi a hanya. Baba Birki, mai sauke baƙin baki!

Bana idonsa ya yi rauni, ya ajiye aiki. A ranarsa ta ƙarshe, tela ce ta ɗauke shi a motarta za ta kai shi gida. Suna cikin tafiya ya nisa ya ce, “Shi ke nan, an zama tsohon banza. Ba sauran amfani.”

Ta gangara gefe ta tsaya. Ta fito, ta buɗe ƙofar baya, ta haɗe rai.

“Sauka! Ba a zagar mini malami a cikin motata.”

Baba ya yi dariya har da hawaye.

“Ina jiranka, Baba. Me za ka faɗa wa ƙaninka?”

Ya share ido ya ce, “Ka yi aikinka, ka kuma yi shi da kyau.”

Ka yi, Baba, mun shaida, mun kuma gode. Allah Ya ƙara lafiya. Mu kuma da muka rage a hanya, kowa ya leƙa kujerarsa ta baya. In mai baƙin bakin yana nan, ka gangara gefe ka buɗe masa ƙofa.