Shinkafar da Kusuma ta Bari

Shekara shida ke nan da rasuwar maƙwabciyata Kusuma, amma har yau idan Mayu ya kama sai in riƙa leƙa taga ina duban wata. Mu jinjirinsa muke nema, mu san azumi da salla. Mutanenta kuwa sai ya cika fal suke biki. Fiye da shekara goma katanga ɗaya ce tsakanina da ita a layinmu na unguwar Barking da ke Landan, kuma asibiti ɗaya muke aikin jinya.

Kusuma 'yar Sri Lanka ce mai bin addinin Buddha, gajeriya, bakinta ba ya hutawa. Mijinta ya riga ta, ɗanta tilo yana Ostareliya. Babbar ranarsu ita ce Vesak, ranar cikar watan da ke faɗowa a Mayu. Ta ce mini a irin wannan rana aka haifi Buddha, a cikinta ya sami wayewar da suke faɗa yana zaune a gindin wata bishiya, a cikinta kuma ya mutu. Ɗan sarki ne a arewacin ƙasar Hindu, fiye da shekara dubu biyu da ɗari biyar da suka wuce. Ubansa ya killace shi a gida don kada ya san akwai wahala. Da ya fita sai ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, daga nan ya bar sarauta ya shiga neman dalilin wahalar ɗan Adam. Na ce mata ni duk ukun nan ina ganin su kafin azahar, kuma har yau ban zama komai ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ran Vesak fararen kaya take sawa, ba ta cin nama, da sassafe ta tafi wurin ibadarsu. Wannan nata ne, ban taɓa bin ta ba, ita ma ba ta taɓa gayyatata ba. Abin da ya shafi layinmu shi ne teburi. A garinsu, in ji ta, ranar nan mutane kan kafa rumfuna a bakin hanya su ciyar da duk wanda ya zo wucewa kyauta, har a yi dogon layi. Saboda haka ita ma takan rataya fitilar takarda da ta haɗa da siraran gora, ta fito da teburi ƙofar gida, ta ɗora shinkafa da miyar wani ɗan jan wake da take dafawa da madarar kwakwa.

Sai dai mutumin Landan, ka ba shi kyauta ya tsaya neman inda tarkon yake. Haka za ta wuni tana bin mutane da faranti suna kaucewa, wasu har su tambaye ta me take sayarwa. Rabin tukunyar a gidana yake ƙarewa. Kowace shekara maganarta ɗaya ce: “Hajara, kafin in mutu sai na ga layi a ƙofar nan.”

Shekarar annobar korona Vesak ya faɗo a tsakiyar azumi. Kusuma ta ɗauki cutar a wurin aiki, aka kwantar da ita a asibitin da ta yi wa hidima. Kafin a ɗora ta a na'urar numfashi ta kira ni, tana magana tana tsayawa. “Na riga na sayi shinkafar, buhun yana bayan ƙofa. Kina da makulli. Kada ki bari ranar ta wuce ba a dafa ba.” Ba ta yi zancen ɗanta ko gidanta ba.

Na shiga tsaka mai wuya. Hajiya Binta, wadda mu matan Hausawan unguwar muka ɗauka uwa, ta ji labari ta bugo mini. “Hajara, kin yi thinking kuwa? Da bakin azumi ki dafa abincin bikin masu gunki? Ki yi cancel kawai, ai za ta fahimta.” Ban raina maganarta ba, don ni ma abin yana damuna. Maigidana ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Maman Amira, ba a ce ki sunkuya wa kowa ba. Maƙwabciya ce ta bar miki amana, abinci ne kuma za ki ba mutane. Ki gyara niyyarki ki ɗora tukunya.”

Na dafa. Fitilar dai ban rataya ba. Na zuba a robobi, na jera su a kan teburinta da la'asar, na ja baya na tsaya. A lokacin kowa tsoron kowa yake ji, balle abincin da ya fito daga hannun ma'aikaciyar asibiti. Mutane suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen titi. Har aka sha ruwa ko roba ɗaya ba a ɗauka ba. Na bar su ko wani zai zo in ba idon jama'a, washegari na tarar dilolin unguwa sun yaga su sun watsa shinkafar a ƙasa. Na share ina kuka.

A makon nan Kusuma ta cika, ba ta farka ba balle ta tambaye ni. Mutum kaɗan aka yarda su raka ta, ɗanta ta waya ya kalli komai, ni kuma daga ƙofar gida na ga wucewar motar. A nan na gane wani nauyi da ban san da shi ba. Duk wanda ya mutu a rayuwata ina da addu'ar da nake bin sa da ita. Ita wannan, da ba Musulma ba ce, ba ni da wadda zan bi ta da ita. Na san abin da addinina ya koyar, ba na jayayya da shi, amma ba zan ɓoye cewa ya yi mini ciwo ba. Sabo ake yi wa kuka, kuma na yi shi ba kalma ko ɗaya.

An sayar da gidan, an yanyanka shi ɗaki-ɗaki, kwandunan shara ne yanzu a gurbin teburin. Ni ce nake fito da nawa teburin duk ranar da wata ya cika fal a Mayu, da niyyar ciyarwa da cika amana. Hajiya Binta ba ta ƙara magana ba, ba ta kuma taɓa ci ba.

To, me Kusuma za ta ce da ta ga layinmu a yau? Yanzu da rayuwa ta yi tsada, tun kafin in sauke tukunya ake taruwa: mata da kekunan jarirai, tsofaffin Turawan da a da suke kauce mata, har da masu rigar aiki irin tamu. Babu mai tambayar ko bikin mene ne. Bara wata mata ta sunkuyar da kai ta tambaye ni ko za ta iya ɗaukar na gobe, ni kuwa na riga na kai ƙarshen tukunya. Ɗan sarkin nan da aka ɓoye wa wahala sai da ya bar gida ya gan ta. Mu yanzu har ƙofa take zuwa ta yi sallama.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na yarda, ko da yake na ga nata a ƙasa da idona, na kuma share shi da hannuna. Abin da ya rage na Kusuma bai wuce wannan ba: miyar da har yau ban iya ta kamar tata ba, da rana ɗaya a shekara da wasu ke kwana da abu a ciki. Ta yi burin ganin layi a ƙofar gida, ga shi layin ya kai har kwana. Ba na jin za ta yi murna. Na dai san za ta dube ni ta ce in ƙara shinkafa.