Mai Hular da Ban Kai Gare Shi Ba

Ina cikin bas zuwa Catford, unguwar da nake zaune a ƙasar Turawa, saƙon ya shigo: ƙanena ya rasu a Jos, hatsarin babur. Ban yi kuka ba. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na ƙarasa gida da ƙafa.

Washegari na sa hotonsa a shafina na sada zumunta. Ana ta yi mini ta'aziyya, sai wani mai jar hula a hoton shafinsa, wanda ban taɓa sani ba, ya rubuta cewa masu gudu da babur su suke jawo wa kansu.

Na ba shi amsa, ya maido. Daga nan zaman makokina ya koma kansa. Na zagi hularsa, na zagi haƙoransa. Ni da ban gama sakandare ba, har ƙamus na buɗe ina nema masa Turanci mai zafi.

A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki akwai wata dattijuwa 'yar Sri Lanka, mai bin addinin Buda, tare muke gyaran gadaje. Ta ga ina danna waya kamar zan huda ta.

Ta ce, "Ƙanwata, yaya dariyar marigayin take?"

Na buɗe baki. Babu abin da ya zo mini sai fuskar mai hula.

Ta ce a wurinsu mugun zance mai yin sa yake fara ci, ko da yatsa ya faɗe shi. Ta koya mini abin da suke yi: ka zauna shiru ka yi wa kanka fatan alheri, sai wanda kake ƙauna, sai wanda babu ruwanka da shi, a ƙarshe wanda ka tsana.

"Anti, ni fa ina da addinina."

"Wa ya ce ki bar shi? Wayar na ce ki ajiye."

Na gwada. Da na zo kan ƙanena kukan ya zo, dariyarsa ma ta dawo, mai ƙarewa da tari. Direban bas ɗinmu kuwa, wanda babu ruwana da shi, ya sha fatan alheri, bai ma sani ba. A kansa nake daɗewa, don na san wanda ke biye.

Na daina rubuta wa mai hula. Amma a jerin fatan alherin, har yau ban kai gare shi ba.