Mun Kai wa Gwaggo Arfa a Mota

Mun bar Kano ana idar da sallar asuba, gobe Arfa jibi Sallah, ni da yayana, a cikin motar da 'yan unguwarmu suka raɗa wa suna Kunkuru. Tsohuwar bas ce. Yaya mai walda ne, ya kwashe shekara biyu yana fama da ita: ya cire kujeru, ya kafa gado, ya yi ɗan kicin mai risho, ya ɗora tankin ruwa da faifan sola a sama. A waya ya ga Turawa suna yawo da irinta, tun daga ranar ya hana kansa sukuni. Na daɗe ina yi masa dariya, ban san ni ce zan fara roƙon ya ɗauke ni a ciki ba.

Ga abin da ya tashe mu. Gwaggo, yayar Babanmu, tana zaune a wani ƙauye gaba da garin Katagum. Duk rayuwarta ba ta da buri sai Makka. Da Allah ya kawo hali sai jiki ya ƙi, likita ya ce zuciyarta da ƙafafunta ba za su ɗauka ba. Baba ya taɓa sauke farali, shi ne bana ya tafi ya yi mata. Ranar da muka raka shi, ya riƙe hannun Yaya ya ce, "Hajjin nan nata ne. Ku san yadda za ku yi ta ga Arfarta da idonta." To ƙauyen babu wuta, sabis ɗin waya sai an hau tudu, idon Gwaggo kuma ba ya ɗaukar abu ƙarami kamar fuskar waya. Dabara ɗaya ta rage, a kai mata talabijin da kwandon satalayit a kan Kunkuru.

Hanya cike take da raguna. Daga Wudil har Shuwarin, kowace mota ka gani akwai ƙaho a bayanta, wasu ma a kan babur, an rungume su kamar marasa lafiya. Na sa Yaya ya tsaya na taya wani matsakaici, mai shi ya faɗi kuɗin da shekarun baya zai sayi ɗan maraƙi, na yi masa fatan ciniki na koma mazaunina. A kowane shinge kuwa sai an tsayar da mu, ba don laifi ba, don kallo. Wani jami'i ya leƙa ya ga gado da tukunya, ya tambayi Yaya ko mai gidan haya ne ya kore shi. A gadar Jama'are ruwa ya fara zuwa, gefen hanya gero ya kai tsawon tafin hannu, manoma na bin bayan shanun huɗa.

Da hantsi muka shiga Azare. Garin yana ta hada-hadar Sallah, 'yan acaɓa da keke napep suna kutsawa ta inda ko akuya sai ta yi tunani. Kafin komai na ce sai na ci masa, tunda gobe azumi. Mai masar da muka samu kusa da kasuwa tana zuba miyar taushe kamar ba saye ta yi ba, kuma da ta ji daga Kano muke sai ta ƙara min biyu, wai in je in gaya musu yadda ake yin ta.

Kwandon da risiba, akwatin da ke kamo tasha, tun daga gida muka taho da su. A Azare za a ɗaura, domin abokin Yaya da ke wannan sana'a ya ce saitin da aka yi a nan zai yi aiki a Katagum, tunda ba nisa. Dattijo ne siriri, ga haƙuri, kuma ya buƙaci haƙurin, don ni malamar makaranta ce mai shegen tambaya. Shi yana kan rufi yana ɗaure ƙarfen da Yaya ya ƙera, ni ina ƙasa ina jefa masa tambayoyi. Me ya riƙe tauraron a sama? In duniya juyawa take, me ya hana shi wuce mu? Ya ce tare suke juyawa, kamar uwa da goyonta, duk inda ta nufa yana nan a bayanta. Na ce to a gida kwando a jikin bango yake, bango ba ya tafiya. Mota fa, da za ta sha kwana ɗari kafin ta isa?

Nan ya dakata da sifana a hannu, ya dube ni, ya ce tambayar da ya kamata mai mota ya yi ke nan. Ya ce su in sun je aiki a gari, kwandon maƙwabta suke kallo su kwaikwaya, amma a ƙauyen da babu kwando ko ɗaya sai a nemi abin da ba ya canja wuri. Ya sa Yaya ya ja motar gefen masallacin unguwa, ya daidaita hancinta da alƙibla sak. Sannan ya riƙa juya kwandon a hankali, Yaya na ciki yana kallon wani layi a talabijin, har layin ya cika ya zama kore, sai ga Ka'aba ana ɗawafi. Ya ɗauko jan fenti ya yi alama a jikin ƙarfen. Ya ce ko'ina muka je akwai masallaci, mu juya hancin mota alƙibla, mu mayar da kwando kan jan fenti, shi ke nan. Dabarar ta burge ni ƙwarai, har na rubuta ta a bayan takardar magani.

A gidan wata 'yar'uwarmu na kwana. Yaya ya ce shi a gidansa zai kwana, wato a mota, da safe ya fito duk sauro ya yi masa zane a goshi.

Rana na fitowa muka kama hanyar arewa da azumi a bakinmu. An yi ruwa kafin asuba, ramukan hanya sun cika, ba ka sanin mai zurfi sai ka faɗa. Saboda kwandon da aka kwantar aka ɗaure a sama, Yaya ya riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har mai keke ya wuce mu a wajen Sakwa ya ɗaga mana hannu. Ƙasar tana daɗa shimfiɗewa, ga goruba, ga fadama, ga farin balbela a bayan shanu. A Katagum na ga busasshen kifi an jera shi tuli-tuli, na saya wa Gwaggo, na kuma tsaya tambayar mai kifin sunan kowanne har Yaya ya danna min hon.

Wajen sha ɗaya muka isa. Ashe labari ya riga mu. A ƙofar masallacin ƙauyen akwai wata katuwar tsamiya, nan dattawa ke zama tun kakanni, amma ranar an share gindinta an yayyafa ruwa, an kwashe kujerunsu, an bar wa baƙi. Mai unguwa da kansa ya yi wa Yaya jagora har tsakiyar inuwar. Wa zai bar motar baƙo a rana? Mu ma daɗi muka ji, ga inuwa, ga masallaci a gefe, alƙibla ba sai an tambaya ba.

Aka kawo Gwaggo a kan kujera, maza biyu na ɗauke da ita. Ta rame ƙwarai. Ta yi wanka, ta sa farin zane da farin mayafi, ga carbi a hannu, kuma duk da an hana ta, ta ɗauki azumi. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan awa guda. Da aka gama ta tambaye ni ko auta ya isa wurin. Auta shi ne Baba, mai shekara saba'in da furfura har gemu.

Yaya ya hau rufi, ya tayar da kwando, ya mayar da shi kan jan fenti. Na kunna talabijin. Babu komai, layin ko motsi bai yi ba. Ya ɗan juya dama, ya ɗan juya hagu, ya sauko ya kwance waya ya sake ɗaurawa, ya duba batir. Mata sun cika tabarmi, maza na tsaye a baya, kowa ya zuba wa baƙin gilashi ido. Aka yi azahar aka dawo, shiru. Zufa ta jiƙa Yaya sharkaf, ga ƙishin azumi, sai ya sunkuyo ya ce min a hankali wai ko alƙiblar masallacin nan ce ta ɗan karkace. Bai yi a hankalin da ya zata ba. Liman na kusa, ya gyara murya ya ce kakansa ne ya aza wannan alƙibla, kuma ba a taɓa kawo ƙararta ba sai yau da faranti ya zo daga Kano. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gwaggo kuwa tana nan a kan kujerarta. Tana jan carbi, lokaci-lokaci ta ɗaga kai ta dubi gilashin. Wannan jiran nata ya fi komai damuna.

Yaya ya ce kada in damu, ai ana tsayuwar Arfa har faɗuwar rana, muna da lokaci. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wata mata ta raka ni tudun da ake samun sabis, bayan rijiyar burtsatse, na kira dattijon Azare. Na karanta masa duk abin da muka yi. Sai ya tambaye ni mene ne a saman motar. Na ce tsamiya ce, amma kwandon ta ƙarƙashin rassa yake leƙe, fili ne a gabansa.

Ya ce, "Malama, kwandon nan ba inda fuskarsa ta nuna yake kallo ba, sama da haka yake kallo. A ƙasarmu tauraron kusan a tsakar ka yake. Ganye ɗaya ya isa ya tare shi, balle tsamiya. Ku fita rana. Kuma ku hanzarta, agogonsu ya riga namu da awa biyu, biyar ɗinku magaribarsu ce."

Na duba waya, huɗu saura kwata. Rabon da in yi gudu tun ina 'yar makaranta, amma ranar na yi.

Fitar da motar ma sai da aka yi lallashi, don mai unguwa ya ɗauka wani abin aka yi mana. Na durƙusa na yi masa bayani, ya kaɗa kai ya ce bai taɓa ganin baƙon da ya fi son rana da inuwa ba. Yaya ya ja Kunkuru gaba kamar taku ashirin, hancinta na nan a alƙiblar Liman, ya mayar da kwando kan jan fentin da ya yi ta tsallakewa tun ɗazu. Kafin ya sauko layin ya cika. Liman ya dubi Yaya, ya shafa gemu.

Yaya ya ciro talabijin ɗin da doguwar waya, ya ajiye shi a kan turmi a bakin inuwa, dab da Gwaggo. Wurin ya ɗauki salati. Fari ne ko'ina, mutane sun rufe dutsen da filin har iyakar gani, hannuwa a sama. Mata suka fara neman Baba a ciki, kowace ta ga mai furfura sai ta ce ga shi nan. Gwaggo ta matso da fuskarta har ta kusa taɓa gilashi. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ta zaci dutsen ya fi haka girma. Sai aka nuno wani tsoho kusa, zufa na bin fuskarsa, yana kuka yana addu'a, babu ko lema a kansa.

Ta ce, "A rana suke?"

Na ce eh, Gwaggo.

"To ku fitar da ni. Auta na tsaye a rana saboda ni, ni ina zaune a inuwa?"

Muka yi ta ba ta baki, ga azumi, ga zuciya, ga maganar likita. Ta kama hannun kujera za ta miƙe da kanta. Dole aka ɗauke ta aka ajiye a fili kusa da motar. Daga can ba ta ganin hoton, kuma ba ta sake nemansa ba. Ta fuskanci gabas, ta ɗaga hannuwa, suna sauka tana mayar da su. Na je na tsaya a bayanta da nufin in tare mata rana da mayafina, ta ture shi ba tare da ta juyo ba. Ɗaya bayan ɗaya matan suka tashi daga tabarmi suka fito. Haka muka zauna har hoton ya nuna rana ta faɗi a can, alhali tamu na nan da sauranta. Na yi kuka, ban kuma ɓoye ba.

A can muka yi Sallah, muka ci naman da ya fi na Kano arha da daɗi, washegari muka juyo. Da za mu tafi Gwaggo ta ba ni saƙo in kai wa Baba, in ce ta taya shi awa guda. Tafiyar dawowa lafiya lau, sai dai tayar baya da ta yi faci a Jama'are. Mun shiga gida kafin la'asar.

Abin da na koyo na masu irin motar nan ne da kuma nawa. Ku nemi alƙibla, ku guji inuwa komai daɗinta, ku tuna agogon wasu ba naku ba ne. Ni kuma na koyi cewa duk tambayoyina a kan na'ura suka ƙare, ban taɓa tambayar Gwaggo me za ta yi da hoton in ya zo ba.

Da yammar ranar da muka dawo na samu Baba a waya, yana Mina, muryarsa a dishe. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Sai ya ce ƙafarsa ce ta kumbura ranar Arfa, a cikin tanti ya wuni, ga fanka a kansa, ko sau ɗaya bai leƙa waje ba.

"Ashe ita ce ta shiga rana a madadina," in ji shi. "Kada ki gaya mata."