Dakta Rabe ya tafi, ɗan aike ya zo

Yau Talata. Na tashi hannuna na hagu ya yi nauyi, kofin shayi ya suɓuce mini ya faɗi. Na ɗauki waya na kira Dakta Rabe, kamar yadda ya umarce ni in yi. Ƙaninsa Iro ne ya ɗauka.

"Baba Malam, ai Yaya ya rasu."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce, "Wane Yayan?" Ka ji tambayar tsoho. Yayan Iro guda ɗaya ne.

Jiya da yamma ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa ta Sandamu. Yau da safe Allah Ya karɓi abinSa a asibiti. An ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa.

Ga waɗanda ba su sani ba, ɗalibina ne. Na koyar da shi a firamare a Baure, zamanin da nake hedimasta. Yaro ne mai tambaya har ya gajiyar da mutum. Wata rana ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, idan an tashi makaranta, ina karatun yake zama?" Na ce masa a zuciya yake zama, ya zauna ya bar mu mu ci gaba.

Bayan shekaru masu yawa, ya yi ritaya ya dawo Daura. Washegarin wata Babbar Sallah sai ga shi a zaurena da kan rago a faranti, mahauci ya tsaga masa shi biyu.

Ya ce, "Malam, na kawo maka amsar tambayar nan. Amsar da ka ba ni a aji kuskure ce."

Na ce, "Rabe, har yanzu ba ka bar rashin kunya ba?"

Ranar muka fara aikinmu. Shi yana da ilimin, amma da Turanci ya karanta. Mutanen ƙauye suna zuwa masa, ya buɗe baki ya rasa kalmar da za su fahimta. Ni kuma Hausa ce jarina. Sai ya nuna wuri a ƙwaƙwalwar ragon da tsinke, ya gaya mini aikinsa, mu nemo masa suna.

Babbar ƙwaƙwalwa ta sama, mai tunani da magana. Ƙaramar ta wajen ƙeya, wadda ke hana mutum tangaɗi idan yana tafiya. Sai wani ɗan guntu da ke haɗe su da lakar ƙashin baya, shi ke riƙe da numfashi da haɗiya. Mun yi gardama sosai a kansa. Shi ya ce wuya, ni na ce kututture, domin in aka sare shi bishiya ta tafi. A ƙarshe ya ce, "Ka ci, Malam."

Tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar, ya ce shi ne ke kumbura a ciwon sanƙarau. Farfaɗiya kuwa ya ce kada mu taɓa sunanta, kowa ya san shi. Abin da za a taɓa shi ne tsoron da ake yi wa yawun mai ita.

Tun rasuwar Hajiyata, ni kaɗai ne a gidan nan. 'Yata tana aure a Kaduna. Duk Talata Rabe yake zuwa, ya auna mini jini, ya duba ko ina shan maganin hawan jinin ko ina yi masa dabara. Ya zo da kunun gyaɗa a fulas ya ce matarsa ce ta matsa masa. Ƙarya yake, shi ne yake matsa mata. Shi ya saita mini wayar nan, ya ƙara girman rubutunta don idona.

Abu ɗaya ne yake ɓata masa rai. A ƙasarmu idan mutum ya faɗi, abin da muke fara yi shi ne mu tallafi kansa mu ɗura masa ruwa. Ƙauna ce, haka muka gada. Rabe ya faɗa a masallaci, ya faɗa a wajen suna, ya faɗa a kasuwa: wanda jikinsa ya shanye, sau da yawa ba ya iya haɗiya, ruwan sai ya tafi huhu. A kwantar da shi a gefe, a nemi mota, kada a jira babban wa ya zo ya ba da izini.

Na tambayi Iro yadda aka yi a gonar. Ya ce masu aikin sun ba shi ruwa, sun yi ta yi masa fifita a inuwa, suna jiran a samo wani daga gida.

Ban ce ruwan ne ba. Ajali ne, kuma bayin Allahn nan taimako suka nufa. Amma na ajiye wayar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar Hajiya.

Ganina da shi na ƙarshe Talatar da ta wuce ne. Muna kan wani ciwo da ba mu sama masa suna ba: hannu ya saki ko baki ya karkace na ɗan lokaci, sannan ya warware kamar ba a yi ba. Ya ce wannan gargaɗi ne, babban yana iya biyo bayansa. Na ce to ai ɗan aike ke nan. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

Da zai fita ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Malam, in ɗan aiken nan ya zo maka, kada ka shimfiɗa masa tabarma. Kada ka ci, kada ka sha. Ka kira ni, ko ina kan sallaya ne."

To, Rabe, na kira.

Na gaya wa Iro halin da nake ciki. Ya ce da an dawo daga maƙabarta zai zo da mota ya kai ni asibiti. Jana'iza bayan azahar ce, a Sandamu. Maƙwabcina ya tafi can da iyalinsa tun da hantsi, kafin in san hannun zai dawo da wasansa. Hannun ya warware da safe, na ce alhamdu lillahi. Da azahar ya sake saki, yanzu har ƙafar tana ja. Na gwada isa ƙofar gida, ban wuce zaure ba.

'Yata ta kamo hanya, amma Kaduna ba nan kusa ba ce. Iro kuwa na ji nauyin sake kiransa. Mutum yana binne yayansa, ta yaya zan ce ya bar gawa ya zo kaina? Na san abin da Rabe zai ce game da wannan kunyar tawa.

Da yatsa ɗaya na dama nake rubutun nan a wayar. Rabe ya koya mini cewa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin hagu na jiki, magana kuwa galibi a ɗaya ɓarin take. Wataƙila shi ya sa kalmomi ba su gudu sun bar ni ba tukuna. Ina so in yi amfani da su a kansa tun suna nan.

Ya Allah Ka jiƙan Rabe. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka saka masa da Aljanna Firdausi saboda kowane kai da ya dafa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da Iro haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a kafin ya wuce, ya kuma sa ni a ciki.

Ga buta nan kusa da ni, ƙishirwa nake ji, ban taɓa ta ba.

An kira la'asar. Iro bai zo ba.

Wanda ya san gidana kuma yana cikin gari, ƙofa a buɗe take. Ku zo da mota. In kun tarar ba na magana, kada ku ba ni ruwa.