Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na fara kiran ɗiyata da sunanta.

'Yar fari ce, kuma a gidanmu a Maradun uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki gaban mutane. "Waccan" nake ce mata, ita kuma Yaya take ce mini. Sikila ta wahalar da ita tun tana rarrafe. Da Allah ya kawo masu taimako za a yi mata dashen ɓargo a ƙasar waje, babanta ne zai bayar, sai aka ce mace ɗaya za ta bi su jinya. Surukata ta dube ni.

"Ke kam ai ba ki zuwa, ko? Gwaggonta ta tafi."

Don kunya, na ce to.

Dashe ya kama. Bayan nan wata ƙwayar cuta ta taso mata, magani ya kasa. Babanta ya kira ni a waya, muryarsa ta dushe. Wai sojojin jinin da ya ba ta ba su taɓa haɗuwa da wannan cuta ba, na gwaggo kuma ba su dace da jikinta ba.

"Likita na ta tambaya, ina uwar? Ki shirya."

Ni da ko fasfo ba ni da shi! Kafin takardu su fito, an daɗe.

Da na isa, aka gwada ni, aka ce jikina ya taɓa yaƙar cutar. Suka ja jinina ta wani inji, suka tsince sojojin da suka san ta kaɗai, kamar mai tsintar shinkafa, suka ɗura mata. Zazzaɓin da cutar ta sa mata ya sauka a hankali. Amma cutar ta riga ta taɓa idanunta.

Ranar da aka bar ni na shiga, ta juyo tana lalube.

"Wane ne? Gwaggo?"

Gwaggon na tsaye, babanta na tsaye. Na kira sunanta da ƙarfi, har sau biyu. Sai ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana?"

Yanzu ta warke, sikila ta tafi, sai dai dishi-dishi take gani. Likita bai taɓa cewa jinkirina ne ba, ni ce nake faɗa wa kaina. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma idan ɗanki ya kwanta ciwo, ki ajiye ta a ƙofar ɗaki, ki shiga.