Sifirin Biyu a Bayan Fijo

Motar maigidana fijo ce mai dogon baya, kuma duk unguwarmu a Suleja an san ta da tsayin ƙugu. Da ita muke ci a shekarun casa'in ɗin nan. Ranar kasuwa zai tafi Gawu Babangida ya loda doya har saman rufi ya kawo wa 'yan kasuwa. Duk direban da ke wannan aiki sai ya kai motarsa an cusa mata ƙaramin sifirin, wato ƙarfen da ke tallafe nauyin mota, a cikin babban na baya, don kada cikinta ya daki ƙasa in ta ɗauki kaya. Da kaya lafiya lau take tafiya. In babu kaya kuwa, tsalle take kamar ɗan akuya, kowane rami sai ka ji shi a haƙoranka.

Ban taɓa damuwa da wannan ba sai da ciwon baya ya kwantar da Innata. Ni kaɗai gare ta a garin, a gidana take jinya. Likita ya ce a riƙa kai ta Gwagwalada ana yi mata gashin ƙashi.

Tafiyar farko muka shimfiɗa mata katifa a kujerar baya, kanta a cinyata. Ko nishi ba ta yi ba, don surukinta ne ke tuƙi, kuma Inna ba ta yarda suruki ya ji kukanta. Bakin mayafinta ta ciza. Da muka isa na ga shatin farcenta a hannuna har da jini.

Muna dawowa na tare shi a zaure.

"Malam, wannan mota ce ko turmi?"

Shi ba mai magana ba ne, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan. Ya ce zai duba. Ya loda buhunan yashi a bayan motar, bai yi wani amfani ba. Ya rage iskar tayoyi, sai motar ta koma lilo a kwana, Inna ta yi ta amai. Ni kuwa ban bar shi ya sha ruwa da daɗi ba. Har gori na yi masa, na ce da uwarsa ce da tuni ya san abin yi.

Sai ya tafi wajen bakanikensa a Madalla. Shi ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Oga, ba ka samun biyu," in ji bakaniken. "Ko doya ko mutum. In zare na cikin, in sa maka shok mai kyau na Beljiyam, mai shanye jijjiga, za ta yi laushi kuma ba za ta yi lilo ba. Amma lodi, ka manta da shi."

Ya ce a zare.

Tafiyar da ta biyo baya, kafin mu wuce Madalla Inna ta yi barci a cinyata, har da minshari. Na yi ta kallon ƙeyar maigidana ina jin kunyar bakina. Rabon da in yi farin ciki irin na ranar tun kafin ta kwanta.

Sai dai doya ta tafi hannun wasu direbobi. Ya koma jigilar ma'aikata zuwa Abuja, inda motoci suka yi yawa, wani lokacin ya wuni a tasha layi bai zo kansa ba. Miya ta fara tsinkewa a gidan. Na ɓoye wa Inna iyakar iyawata, har wata maƙwabciya ta zo dubiya ta zauna tana zuba yabo.

"Inna, kin yi dacen suruki. Mutum ya bar sana'arsa ɗungurungum saboda bayanki!"

Da zan iya da na toshe mata baki da murfin tukunya. Da matar ta fita, Inna ta dube ni.

"Ke, ki ce wa yaron nan ya mai da ƙarfensa. Na gama zuwa asibiti."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Ta ce ba za ta ci abincin jikokinta da bayanta ba, ta juya fuska bango.

Ranar asibiti maigidana ya tayar da mota da safe, ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna daga waje. Suruki ba ya shiga, ba ya kuma musu da surukuwa.

"Inna, mota ta shirya."

"Allah ya yi maka albarka. Je ka nemo wa yara abinci."

"Inna, ai an riga an gyara ta."

Ya daɗe a tsugune, injin na ta ƙugi a waje, sannan ya tashi ya kashe shi. Haka ya riƙa yi duk ranar asibiti, ya tayar da mota, ya tsuguna, ya kashe. Ya ƙi mai da sifirin ɗin, ita ta ƙi fitowa, aka rasa doyar aka rasa asibitin, ni ina tsakaninsu ina zagin kowa a zuci.

Ƙafafunta suka daina motsi kafin damina ta faɗi. Ta rasu a tsakiyar daminar. Bayan sadakar arba'in na same shi a zaure na ce ya je Madalla a mayar masa da ƙarfensa. Ya ce to, bai ɗago ya dube ni ba, kuma sai da ya ƙara wata guda kafin ya iya zuwa.