Ƙarar da Muka Ci a Nassarawo

Shekarun baya can, zamanin da Maiduguri ce hedikwatar jiharmu, ina ƙaramin akawu a Jimeta. Ni da matata muna haya a Nassarawo, a gidan wani dattijo da kowa ke ce wa Bappa. Ɗaki shida ne, rijiya ɗaya. Kusa da mu akwai wata bazawara 'yar wajen Numan, muna kiranta Adda, tana sayar da bandar kifi, tana da 'ya'ya uku. Ita ta yi wa matata wankan jego a haihuwarmu ta fari, ko Lahadi sai ta dafa ruwan kafin ta tafi coci.

Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, masu gidaje suka ɗaga haya, har da Bappa. Ba a jima ba aka kafa dokar ƙayyade kuɗin haya. Ni kuwa ga biro biyu a aljihun gaba, ina jin kaina kamar alƙali. Na tara 'yan haya a tsakar gida, na karanta musu dokar, na fassara, na ce mu kai ƙara.

Adda ta ce, "Malam, tsohon nan bai taɓa kore mu ba. A roƙe shi mana."

Na ce, "Adda, hakkinmu ne. Ba a roƙon hakki."

Na rubuta takarda, kowa ya dangwala yatsa. Muka kuwa ci ƙarar.

Ran nan Bappa ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ka yi karatu, ka kayar da ni. Doka ta faɗi abin da zan karɓa. Ta ce dole in ajiye mutane a gidana?" Kafin damina ya ba mu wa'adi. Wani ɗan kasuwa zai mayar da ɗakunan wurin ajiye kaya, su kuma buhuna babu ruwan dokar da su.

Ni ban sha wahala ba. Na sa suna a gidajen gwamnati, shugabana ya sa baki, aka ba ni ciki da falo har da famfo, hayar ba ta taka kara ta karya ba. Na raka Adda ofishin, ko za a dace. Mai rabon ya dube ta ya ce, "Mama, wace ma'aikata kike?" Ta ce kifi take sayarwa. Ya rufe littafinsa.

Ni da ita muka zaga wajen masu gidaje a unguwar Alkalawa har ƙafa ta gaji. Wasu sun daina ba da haya. Wasu sai an ba su wani abu a ɓoye. Wasu da jin sunan gidanmu sai su ce, "Ai ku ne masu dangwale." Ƙarshe ta kafa rumfar zana a bakin kogin Binuwai, inda babu mai kora.

A watan Agusta kogi ya cika. Ya kwashe rumfar da kifin, ya gurɓata ruwan sha. Amai da gudawa ya shiga wurin, autarta ta yi kwana biyu ta rasu.

Na je gaisuwa na sami Adda zaune a kan tudu, tsakanin tukwane. Na tsuguna na gaishe ta. Ita ce ma ta tambayi lafiyar jaririnmu. Da na miƙe zan tafi ta ce, "Malam, kai ka iya karatu. Takardar nan da ka karanta mana, ta faɗi inda irinmu za su je?"

Ba faɗa take yi ba, tambaya take da gaske. Na ce ban ga wurin ba.

Bayan sati ta koma ƙauyensu, ban sake ganinta ba.

Har yau ban ce dokar banza ce ba, don masu gidaje sun matsa wa mutane. Ban kuma wanke Bappa ba. Amma na gane ranar da na tsaya a tsakar gida ina cika baki, ni ina da wata ƙofa a bayana, su ba su da ita, kuma ban tsaya na lura ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan gwamnatin nan. Kwanon bai taɓa yoyo ba, amma duk damina idan aka ce kogi ya kawo, abinci ba ya wuce mini.